Filin Tambaya da Amsa: Yadda Scratch Za Ta Karɓi Sabon Shiga Hannu Bibbiyu

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga Katsina da Daura, kuma duk a kan abu guda suke: manhajoji irin su Scratch, da ake koyon sarrafa kwamfuta da su ta hanyar harhaɗa tubalan umarni, ba rubutawa ba. Mun kira kowane tubali da ma'anarsa da launinsa, don mai karatu ya gane shi ko da wane harshe manhajarsa ke nunawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin kwamfuta a aji biyar na firamare. Ɗalibaina 42, kwamfutocin da ke aiki 9, darasin kuma minti 40 ne. An saka mana Scratch, amma da na buɗe musu sai wasu su yi tsuru-tsuru suna kallon allo, wasu kuma su yi ta ɗauko hotunan dabbobi suna cika fage har a kaɗa ƙararrawa. Ba a haɗa komai ba. Ta ina zan ɓullo wa abin?
*Wata malama, Ƙofar Marusa, Katsina*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yaranki lafiyarsu ƙalau. Ki dubi allon da idon wanda bai taɓa ganinsa ba. A hagu ga rukuni 9 masu launi daban-daban, ɗauke da tubala sama da 100. Tsakiya fili ne fetal, ba a ce ga abin da za a sa a ciki ba. A dama ga fage, inda ake ganin sakamakon umarni, da kyanwa tsaye ba ta ko motsi. Kamar a sauke baƙo ne a tsakiyar babbar kasuwa a ce ya yi cefane, ba a nuna masa layin 'yan kayan miya ba. Dole yaro ya nufi inda zai danna ya ga abu ya faru nan take, wato wurin hotuna.

Scratch ta fito a 2007 daga jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, an kuma yi ta ne don 'yan shekara 8 zuwa 16. Masu ita sun so shigarta ta yi sauƙi, kuma ta yi. Amma ba su san ajinki ba. Rage wa yaro yawan abin da zai gani a ranar farko aikin malami ne, kuma ana yin sa tun kafin yara su shigo.

Ki buɗe sabon aiki ke kaɗai, ki jawo tubala shida kawai zuwa filin tsakiya, ki bar su a warwatse ba a haɗe ba: mai ruwan ɗorawa na «idan an danna koriyar tuta», shuɗaye biyu na «matsa taku 10» da «juya digiri 15», shunayya na «sutura ta gaba», sai masu ruwan lemo biyu na «jira daƙiƙa 1» da «maimaita sau 10». Ki danna alamar ƙarawa da ke ƙasan filin ta dama sau biyu don su yi girma. Ki adana fayil ɗin, wanda sunansa zai ƙare da .sb3, ki kwafe shi da filash zuwa fuskar kowace kwamfuta. Tubalan da aka bari a fili suna adanuwa tare da fayil, don haka yaro zai buɗe ya tarar da shida suna jiransa. Ki ce yau da waɗannan kaɗai za a yi aiki.

Kada ki fara da tuta, wato koren maballin farawa da ke saman fage. Kowane tubali yana aiki idan aka danna shi kai tsaye, ko da shi kaɗai ne, kuma wannan shi ne abu mafi amfani da za ki nuna a minti biyar na farko. A danna «matsa taku 10». Kyanwa za ta ɗan gusa, gusawar da na bayan aji ba zai ma gani ba, domin faɗin fagen taku 480 ne, tsayinsa 360, ke nan taku 10 kashi ɗaya ne cikin 48 na faɗin. A mayar da lambar 100. Kafin a danna, ki sa kowa ya ɗora yatsa inda yake zaton za ta tsaya. Sannan a sa -50, a sake cewa su yi hasashe. Yaron da ya faɗi zatonsa kafin dannawa yana kallon sakamako da wata manufa, kuma nan ne koyo yake.

Wajen haɗawa akwai abubuwa uku da ke karya wa yara gwiwa. Na ɗaya, suna sakin tubali kafin ya kama. Ki nuna musu inuwar nan mai ruwan toka da ke bayyana idan an kusanto da tubali wurin da zai zauna; sai an gan ta ake saki. Na biyu, idan aka ja tubali yana tahowa da duk waɗanda ke ƙasansa, don haka cire na tsakiya sai an fara ɓalle na ƙasa an ajiye gefe. Na uku, abu ya ɓace bisa kuskure. Ki koya musu danna Ctrl da Z tare tun kafin wani ya yi asarar komai, ki sa kowa ya goge tubali da gangan ya dawo da shi. Yaron da ya san ɓarna tana gyaruwa ba ya tsoron taɓawa.

Za su jera «matsa» huɗu su ga kyanwa ta yi tsalle ɗaya kawai. Ba lalacewa ba ce. Kwamfutar ta gama huɗun ne kafin ta sake zana fagen. Ko a cikin «maimaita sau 10», Scratch tana sabunta fage kusan sau 30 a daƙiƙa, don haka zagaye goman zai ƙare cikin sulusin daƙiƙa. A sa «jira» a cikin maimaitawar, a mayar da lambarsa 0.2, a haɗa da «sutura ta gaba». Kyanwar tana da sutura biyu, sai a ga tana taku sosai.

Batun yawa kuwa, mutum biyar a kan kwamfuta ɗaya ba darasi ba ne, ɗaya ke aiki huɗu na kallo. Ki raba ajin biyu, 21 a kowane ɓangare, biyu ko uku a kwamfuta. Ɗaya ɓangaren ya yi aiki da tubalan kwali da aka zana da launuka iri ɗaya da na allo: su jera umarni a ƙasa, ɗaya ya zama kyanwa ya bi abin da aka jera ba ƙari ba ragi. A darasi na gaba a yi musanya. Canji a tsakiyar minti 40 yana cin lokaci fiye da amfaninsa.

Hotunan nan kuma kada ki hana, ki dai ajiye su zuwa ƙarshe, ɗan wasa ɗaya, wato hoto mai bin umarni kamar kyanwar, ga kowane rukunin yara. Ki gargaɗe su cewa sabon ɗan wasa yana zuwa da filinsa wayam. Za su ɗauka aikinsu ya goge, alhali yana nan jikin kyanwa. A danna ƙaramin hotonta da ke ƙasan fage zai dawo. Idan ana so sabon ya samu umarnin, a ja jerin tubalan a kai kan ƙaramin hotonsa, idan ya ɗan girgiza a saki.

Tambaya: Ina da tsohuwar laftof da waya. Data ta yi tsada, sabis ɗin ma sai a hankali, wuta kuma kun san hali. Yarana biyu, ɗan shekara 11 da 'yar shekara 6. Za su iya koyo a haka?
*Wani magidanci, Daura*

Amsa: Za su iya, Malam. Scratch tana da nau'in da ake girkawa a kwamfuta, kyauta, wanda ba ya neman intanet. Sau ɗaya za a sauke shi daga shafin Scratch, a kafe ko wurin wani mai wadatar data, a zuba a filash. Hotuna da sautukan duk suna ciki. Nau'i na 3, wanda ya fito a Janairun 2019, yana son Windows 10 ko sama. Idan laftof ɗin ta girmi haka, akwai Scratch 1.4 ta 2009, marar nauyi, a wannan shafin dai cikin tsofaffin nau'o'i. Ta 2.0 ma tana nan, sai dai tana buƙatar a fara girka wata manhaja mai suna Adobe AIR. A lura: nau'i na 3 yana buɗe fayilolin tsofaffin, amma tsofaffin ba sa buɗe nasa. Abin da ba zai yi aiki babu intanet ba shi ne tubalan fassara, da na mayar da rubutu magana, da ɗora aiki don wasu su gani.

Babban haɗarin gidanka shi ne wuta. Nau'in da aka girka ba ya adana aiki da kansa. Idan batirin laftof ɗin ya mutu, ɗaukewar wuta ɗaya za ta tafi da aikin sa'a guda, kuma yaron da haka ta same shi sau biyu da wuya ya sake zama. Ka sa masa doka: duk minti goma a adana, da sabon suna, wasa1, wasa2, wasa3. Amfanin sabon suna shi ne idan ya dagula aikin zai koma na baya.

Wayar ba za ta yi daɗin wannan aiki ba. Manhajar Scratch ta Android an yi ta ne don tabilet, kuma a ƙaramin allo yatsa yana rufe wurin da tubali zai kama. Ita ƙaramar, abin da ya dace da ita ScratchJr ce, wadda ta fito a 2014 don 'yan shekara 5 zuwa 7. Tubalanta hotuna ne ba rubutu ba, ana jera su daga hagu zuwa dama, ita ma a tabilet ta fi zama. Idan babu, ta zauna gefen yayanta ta riƙa yin muryar 'yan wasan. Tana gani tana ɗauka.

Tambaya: Ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Na yi wasan kyanwa mai cafe mangwaro da ke faɗowa. Matsala uku: idan ta kai bango ta juyo sai ta koma ƙafa a sama, idan ta taɓa mangwaro ɗaya maki ya tashi daga 0 zuwa 14, jiya kuma mangwaron ya ɓace gaba ɗaya, na danna tuta ya ƙi dawowa.
*Wani ɗalibi, Ƙofar Guga, Katsina*

Amsa: Madalla da ƙoƙari, ɗanmu. Yadda ka rarrabe matsalolin ɗaya bayan ɗaya ya sauƙaƙa mana.

Kowane ɗan wasa yana da lambar alkibla: 90 dama, -90 hagu, 0 sama, 180 ƙasa. Tubalin «idan an kai gefe, a juyo» yana mayar da 90 zuwa -90, kuma tun asali Scratch tana wulwula hoton gaba ɗaya ya bi alkiblar, shi ya sa kai ya koma ƙasa. A cikin shuɗayen tubala akwai na salon juyawa. Ka zaɓi «hagu da dama» a cikinsa, ka sa shi ƙarƙashin tubalin tuta.

Maki kuwa, kwamfutar ta yi daidai da abin da ka ce mata. Ka sa «idan yana taɓa kyanwa, ƙara maki da 1» a cikin «har abada». Wannan tambaya ana yin ta kusan sau 30 a daƙiƙa, kuma muddin mangwaron bai rabu da jikin kyanwa ba amsar e ce. Rabin daƙiƙa na taɓawa ya isa ya ba ka 14. Maganin shi ne ka raba su nan take. Ƙarƙashin «ƙara maki» kai tsaye, ka sa «je zuwa x da y» (x ce matsayin hagu da dama, y ta sama da ƙasa), y ta zama 170, a gurbin x kuma ka cusa koren tubalin zaɓen lamba ba tsari, daga -220 zuwa 220. Mangwaron zai koma sama a sabon wuri kafin a sake tambaya. Don wanda kyanwa ta kasa cafewa, ka ce «idan y ta gaza -170» a mayar da shi sama. Kada ka ce «idan y daidai take da -170», domin in yana sauka da taku 7 zai tsallake lambar bai taka ta ba.

Ɓacewar, akwai tubalin «ɓuya» da ya yi aiki a wani wuri. Koriyar tuta ba ta mayar da abubuwa yadda suke da farko. Wanda aka ɓoye yana nan a ɓoye har sai an ce ya bayyana. Yanzu ka danna ƙaramin hoton mangwaron, ka danna alamar buɗaɗɗen ido da ke ƙasan fage. Don gaba, kowane ɗan wasa ya samu jerin shiri ƙarƙashin tuta: bayyana, je wurin farawa, fuskanci 90, girma ya zama 100. A nan ne kuma za ka mayar da maki 0.

Ga ƙari ɗaya da ba ka tambaya ba. In kana tuƙa kyanwar da tubalin «idan an danna maballin kibiya», za ka ga tana gusawa, ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba. Ka maye gurbinsa da «har abada», a ciki «idan maballin kibiyar dama a danne yake, canza x da 8», da takwaransa na hagu mai -8. Tafiyar za ta yi sumul. Duk lokacin da wani abu ya rikice maka kuma, ka sa alama a ɗan akwatin da ke gefen tubalin «matsayin x» ko «matsayin y» a hagu, lambar za ta fito a kan fage kana kallon yadda take canzawa. Jerin da ke aiki yana da haske mai ruwan ɗorawa a gefensa. Wanda babu hasken bai tashi ba.

Tambaya: Ina tara yaran unguwa da yamma ina koya musu. Mazan suna ƙwace linzami, matan su ja baya su yi shiru, wasu ma sun daina zuwa. Ga kuma Turancin da ke jikin tubalan yana yi wa ƙananan nauyi. Me kuka gani?
*Wata uwa, Daura*

Amsa: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Linzami kada a bar shi ga mai ƙarfin hannu, a sa masa ƙa'ida. Biyu a kwamfuta: ɗaya riƙe da linzami, ɗaya yana faɗin abin da za a yi, kuma mai faɗa ba ya taɓawa. Duk minti biyar agogon waya ya buga a yi musanya, ko an gama ko ba a gama ba. A haɗa waɗanda saurinsu ya zo ɗaya, a makonnin farko kuma mata da mata. Ke ma ƙa'idar ta hau kanki. Idan yarinya ta maƙale, kada ki karɓi linzamin ki gyara mata, ko da kuwa gyaran na daƙiƙa biyu ne. Ki tambaye ta me take so ya faru, me kuma ya faru, ki nuna da baki. Abin da aka gyara mata ba nata ba ne, kuma ta sani.

Sai irin aikin. Idan kullum wasan bi-ni-in-bi-ka ake yi, wanda ba ya sha'awarsa zai ga wurin ba nasa ba ne. Kuna zaune a garin da ke da labarin da kowane yaro ya haddace: rijiyar Kusugu da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har zuwan Bayajidda. Wannan aiki ne cikakke. A ɗauki hoton rijiyar, ko yara su zana ta a takarda a ɗauka, waya a kwance ba a tsaye ba, don fagen faɗi ya fi tsayi. A ɗora shi ya zama bangon fage. Maciji da guga su zana su a cikin Scratch. Tubalin «tambaya ka jira», mai shuɗi mai haske, ya ce «Yau wace rana?». Idan amsa Juma'a ce guga ya gangara ya hau, in ba haka ba maciji ya bayyana. Sharaɗi ke nan mai reshe biyu, kuma ba sai an yi musu dogon bayani ba, tunda labarin ya riga ya koya musu.

Wajen duba amsar a yi hattara. Tubalin «daidai da» bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma wanda ya rubuta Jumaa ko Jumma'a zai faɗi. Gara koren tubalin «ya ƙunshi», a sa masa «jum» kawai. Haka baƙaƙe masu lanƙwasa: a wurin kwamfuta ƙ daban k daban, don haka a kacici-kacicin da amsarsa ƙwai ce, a haɗa rubutun biyu da tubalin «ko». Ana iya ƙara madannan Hausa a saitin harshe na Windows don a samu ƙ da ɗ da ɓ.

Abin da ya fi jawo mai kunya shi ne murya. A shafin sauti akwai alamar makirfo. Yarinya ta naɗi maganarta, ta datse shirun farko da na ƙarshe, tsohuwar cikin labarin ta yi magana da muryarta. Idan 'yan wasa biyu za su yi zance, kada a daidaita su da «jira», don da an tsawaita jimla ɗaya duk sai su shiga bakin juna. A yi amfani da «aika saƙo ka jira»: na farko ya gama ya aika, na biyu ya karɓa ya amsa.

Harshe kuma, Hausa tana cikin jerin harsunan Scratch ta intanet, a wurin alamar ƙwallon duniya da ke cikin saituna (Settings) a sama ta hagu. Sauya harshe ba ya taɓa aikin ko kaɗan, rubutun jikin tubalan kawai ke canzawa, don haka ana iya ginawa da Hausa a leƙa Turancin a dawo. In za a ɗora aiki a intanet, ban da fuskar yaro, da cikakken sunansa, da sunan makarantarsa.

Tambaya: Ɗan ƙanena ya shekara yana wannan jan tubala. Ni dai wasa nake gani. Yaushe zai fara na gaske?
*Wani ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina*

Amsa: Alhaji, na gasken yake yi. Jeri, maimaitawa, sharaɗi, ma'ajin lamba, jerin bayanai, umarnin da mutum ya ƙera da kansa: su ne dai zai tarar a Python, harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Abin da tubala suka ɗauke masa shi ne kuskuren rubutu, inda waƙafi ɗaya ke tsayar da komai. Ko darasin farko na kwas ɗin kwamfuta na jami'ar Harvard, CS50, da Scratch ake yin sa.

Ka gwada shi da wannan. Ya ƙaro tubalan alƙalami ya zana murabba'i: maimaita sau 4, matsa 100, juya 90. Sannan ka ce ya ƙera tubalinsa guda wanda za a ba shi yawan kusurwa ya zana siffar, ko 3 ko 6 ko 8. Idan ya gano da kansa cewa juyawar 360 ce a raba da yawan kusurwar, ya kuma ƙera tubalin mai karɓar lamba, ya isa ya fara Python. In wayar hannu ce ke burge shi, MIT App Inventor tana ba shi damar haɗa manhajar Android da tubala irin waɗanda ya saba da su.

Tambaya: Ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta. Aikin kammalawata manhajar tubala ce da Hausa don 'yan firamare, na gina ta a kan Blockly. Na gwada da ƙannena uku, duk sun ajiye cikin minti kaɗan. Me zan gyara?
*Wata ɗaliba, Katsina*

Amsa: 'Yar'uwa, kin zaɓi tushe mai kyau. Google ta fitar da Blockly a 2012, kuma tubalan Scratch 3 ma daga jikinta aka samo su. Sai dai Blockly kayan gina manhajar tubala ce. Yadda take zuwa, an tsara ta ne don mai gini, kuma mafi yawan gyaran da za ki yi ragewa ne.

Ki fara da akwatin tubala. Ke ce ke rubuta abin da zai ƙunsa, da JSON ko XML, kuma iri biyu ne: mai rukuni-rukuni da sai an danna a gani, da buɗaɗɗe wanda tubalan ke bayyane kullum. Ga matakin farko ki ɗauki buɗaɗɗen, tubala uku ko huɗu. Abin da ke ɓoye bayan dannawa, a wurin yaro babu shi. Kowane mataki ya ƙara tubali ɗaya ko biyu, rukuni kuma sai sun haura goma sha biyar. Filin aiki kada ya buɗe wayam: tubalin farawa ya kasance a zaune, ba ya goguwa, da umarni ɗaya maƙale da shi, ta yadda danna maballin farawa zai motsa wani abu tun yaro bai gina komai ba.

Kada ki bar gurbi babu komai. Blockly tana da tubalan inuwa, waɗanda ke zama a gurbi da lamba ta asali, yaro ya canza ta ko ya ɗora wani a kai. «Matsa» mai rami a gabansa tambaya ce da yaro bai san amsarta ba. Mai 50 a ciki yana aiki nan take. Ki kuma sa wa kowane gurbi nau'in abin da yake karɓa, don gurbin lamba ya ƙi karɓar rubutu. Kuskuren da siffar tubali ta hana ya fi wanda saƙo zai yi bayaninsa daga baya.

Rubutun jikin tubali ya zama gajere, umarni kai tsaye, aikatau a gaba: matsa, juya, jira, faɗi. Kalma biyu ko uku. Doguwar jimla tana faɗaɗa tubali har ya fita daga allo, kuma ɗan aji uku da ke haɗa baƙi da ƙyar ba zai kai ƙarshenta ba. Ki tsaya a kan kalma ɗaya ga abu ɗaya. In kin ce «maimaita» a nan, kada ki ce «sake» a can. Hagu da dama suna rikita yara, don haka ki sa hoton kibiya a gefen kalmar. Launi kaɗai kada ya zama abin rarrabewa, saboda akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore. In da yatsa za a taɓa, ki zaɓi salon zane na zelos, wanda tubalansa suka fi kauri kamar na Scratch, maballanki kuma kada su gaza dp 48 (dp ma'aunin girma ne a allo) da ƙa'idar Android ta shawarta.

Akwai abu biyu da ke kashe irin wannan manhaja a hannun yaro. Na farko maimaitawa marar ƙarshe: idan kika gudanar da JavaScript ɗin da Blockly ta samar kai tsaye, «har abada» ɗaya zai daskarar da shafin. Ki gudanar da shi taki-taki ta JS-Interpreter, ki haska tubalin da ke aiki da highlightBlock, ki sa babban jan maballin tsayawa. Haskawar nan da kanta darasi ce, domin yaro yana ganin inda kwamfuta take a cikin umarninsa. Na biyu asarar aiki. Ki riƙa adana filin a ma'ajiyar burauza bayan kowane canji, ki kuma fito da maballin komawa baya fili, tunda a tabilet babu Ctrl da Z.

Tunda a makarantunmu za a yi amfani da ita, ki kashe data ki gwada. Blockly tana ɗauko hoton kwandon shara, da alamomin ƙara girma, da sautin kamawar tubali daga intanet, sai in kin kwafo foldar media cikin aikinki kin nuna mata hanyar a saitin farko. Da yawa ba sa lura sai ranar gabatarwa.

Gwajin kuma ki sake shi, ba da ƙannenki ba, don su suna kallon fuskarki ne. Ki nemi izinin iyaye ki samu yara biyar da ba su san manhajar ba, ɗaya bayan ɗaya. Ki ce «sa akuyar nan ta kai ga ciyawa», ki koma bayansa da takarda, ki kame bakinki. Ki rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin wani abu ya motsa, ina ya fara dannawa, wane tubali ya saki bai kama ba, wace kalma ya karanta sau biyu. Idan motsin farko ya wuce minti ɗaya, matakin farko ne za ki sake. Duk inda uku cikin biyar suka yi tuntuɓe a wuri guda, ki gyara wurin, sannan ki nemo wasu biyar sababbi ki maimaita.